Amsa: Faransanci zai ishe ni a Maroko?

Ɗan'uwa kana tambaya ko Faransancinka na lakwal zai ishe ka hutu a Maroko, kuma ko cikin mutumin Damagaram zai karɓi abincinsu. Eh zai ishe ka, a Kazabalanka da Rabat da Marrakesh mai taksi da mai otel duk suna ji, sai dai can arewa wajen Tetuwan za ka tarar Sifaniyanci ya fi tafiya a bakin wasu dattawa. Larabcinsu kuwa, Darija, ko ka sauke Alƙur'ani da ƙyar za ka tsinci kalma, sauri gare su kamar ana korarsu.

Abinci halal ne ba fargaba, matsalar ɗaya babu yaji. Tajin ɗinsu nama ne da aka dafa a kaskon ƙasa, wani har da busassun ƴaƴan itace masu zaƙi a ciki, ni dai ranar farko wallahi kasa ci na yi, nama da zaƙi ina dalili? Sai da na roƙi harisa, wato niƙaƙƙen barkono, sannan ya shiga. Ka ƙulla yajinka daga gida ka sa a jaka. Kuskus kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ake yinsa sosai, kusan dambunmu ne, shi kam kada ya wuce ka.