Injin na juyawa amma babu wuta a fulogi

Ka ce Corolla ɗinka ta 2005 kik na juya injin lafiya lau amma ta ƙi tashi, kuma ka gwada fulogi babu wuta. Malam kar ka sayi fulogi ko kwayil tukuna, fara duba fiyus na EFI (na tsarin ba injin mai) da na wutar kwayil da rilen su, in duk lafiyarsu ƙalau to abin da na fi zargi shi ne sensa ta karanshaf, wadda ke ƙasa kusa da fulin injin. Ita ke gaya wa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, cewa injin na juyawa, in ta mutu ko wayarta ta tsinke ba zai saki wuta ba ko kaɗan.

Dalilina kuwa, wannan injin kowane fulogi da kwayil ɗinsa, guda huɗu ne, kuma da wuya su mutu duka lokaci ɗaya. Ka zare kwayil ɗaya ka sa masa fulogi ka jingina ƙarfensa a jikin injin wani ya murza maka makulli, in lafiya za ka ga wuta shuɗiya tana tartsatsi, amma don Allah kar ka riƙe da hannu. In duk huɗun shiru, kai motar a sa mata kwamfuta, in lambar P0335 ta fito to sensa ce ko soket ɗinta, sau da yawa ma mai ne ya jiƙa soket ɗin ko ɓera ya ci wayar. Sai dai fa in sabon makulli ka yanka kwanan nan kuma fitilar sikiyoriti na ta ƙyaftawa, motar ce ba ta gane makullin ba, gwada tsohon.