Kullum ina ba ta ruwa amma ganyen sai zubewa yake, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Oakland, jihar Kalifoniya, a watan Afrilu na dasa Ceanothus mai shuɗin fure a ƙofar gida saboda ƙudan zuma, an ce mun shukar bakin teku ce ba ta tsoron fari. Yanzu ga Agusta, ganyen ya koma ɗorawa yana ta zuba duk da kullum yamma sai na ba ta ruwa. Mai yanke mana ciyawa ya ce in ƙara ruwa in zuba taki. Dan Allah a taimaka, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ma ki gama karanta wannan, je ki rufe famfon, takin kuwa kar ki buɗe shi sam.

Ruwan nan shi ke kashe ta, kuma wallahi wannan magana na gaji da maimaita ta. Mu da muka taso a gida mun saba damina tana zuwa ne cikin zafi, toh shukokinmu sun san zafi da jiƙa tare. A gaɓar Kalifoniya abin ya juye, ruwan sama daga wajen Nuwamba zuwa Maris yake sauka cikin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take ƙayau, haka wannan shuka ta saba tun asali. Idan kika haɗa mata ƙasa mai ɗumi da danshi kullum, kin shimfiɗa wa cutar fitoftora tabarma kenan, ita ce mai ruɓar da saiwa, saiwa kuwa in ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi laushi ya yi ɗorawa kamar mai ƙishi, mutum ya gani tausayi ya kama shi ya ƙara ruwa, a haka har ta mutu yana tsaye da tiyo a hannu. Masu yankan ciyawar nan da yawansu ciyawar fili kawai suka sani, komai ya yi yaushi maganinsu ɗaya ne, ruwa da taki, kuma da ƙarfin gwiwa suke faɗa. Haba! Ceanothus dangin magarya ce da kurna, a saiwarta akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune suna samar mata da naitirojin daga iska, wato babban sinadarin da shuka ke samu daga taki, me za ta yi da buhun taki?

Yanzu ki tona gindin kaɗan da hannu, ki kankare ɓawon da farce daidai inda ya haɗu da ƙasa. In kin ga kore ko fari a ciki da sauran rai, ki janye ƙasa da dusar katako daga jikin karan, ki bari wajen ya bushe. Tunda shekararta ta farko ce ba za a yanke mata ruwa kwata-kwata ba, amma sau ɗaya duk sati biyu ko uku ya isa, da sassafe, nesa kaɗan da gindi, ya ratsa ƙasa sosai. In kuwa cikin ya yi baƙi-baƙi ya yi taushi, sai haƙuri, ki tumɓuke, kuma kar ki mayar da wata ramin nan. Ki jira Oktoba ko Nuwamba ki dasa a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, inda kuma feshin ban ruwan ciyawa ba ya kaiwa.

Sai batun ƙudan zuman da kika dasa dominsu, ina roƙonki da girman Allah kar ki bari wani ya sa ki zuba maganin ƙwari irin wanda shuka ke tsotsa ta saiwa, don yana bi har cikin ruwan fure da garinsa. Kalifoniya na da nau'in ƙudan zuma na asali kusan 1,600, mafi yawansu ba su da amya ba su da mai kula da su, a ramin ƙasa suke zama. Daga Maris in furen ya buɗe za ki ga manyan nan masu gashi sun rufe shi tun hantsi, bayin Allah ne sun zo cin abinci ƙofar gidanki, kar a sa musu guba a ciki.