Ƙasar bayan gareji

Ka ce mu kwaso baƙar ƙasar nan ta bayan garejin makanikai mu cika ledar dashe da ita, tunda kyauta ce kuma baƙa wuluk kamar taki. Ajiye shebur ɗin nan, ɗana, ka zauna. Ka fama min tsohon miki.

Shekarun baya wani Alhaji ya ba ni kafin alƙalami na mangwaron aure guda 300, zai dasa a gonarsa farkon damina. Da hannuna na yi auren nan ɗaya bayan ɗaya, duk sun kama, saura in sauya musu babbar leda. Na yi ciniki da wani direban tifa, ya rantse min ƙasar tsohon juji zai kawo. Sai da magariba ta rufa ya zo ya juye, ya karɓi kuɗinsa cif, ya yi gaba. Muka gauraya da yashi muka cika.

Tun satin farko na ga abin da ban gane ba. In na zuba ruwa sai ya kwanta a sama, ya gangara ta gefen leda, in na tona da yatsa ciki a bushe ƙamas. Sati uku ganye ya koma ruwan ɗorawa, sabon toho ya tsaya cak. Na yaga leda ɗaya. Saiwa ta yi baƙi ta ruɓe, warin baƙin mai ya bugi hancina. Ashe daga wani tsohon gareji ta wajen Ƙofar Ruwa mutumin nan ya kwaso. Abin da ya rayu bai kai 40 ba, su ma a tsumbure. Babur ɗina na sayar na mayar wa Alhaji kuɗinsa, bai ƙara tako wurin nan ba. Direban kuwa da na tare shi, cewa ya yi ai ƙasa ƙasa ce! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mai yana lulluɓe ƙwayar ƙasa ne, ruwa ba ya ratsa ta, iska ba ta shiga, alhali saiwa numfashi take kamar ni da kai. Ƙananan halittun da ke cin man a cikin ƙasa kuma su ƙwace ɗan abincin da tsiro zai samu, shi ya sa ganye ke ɗashewa. Baƙin mai ya fi muni, don akwai gubar ƙarfen inji a cikinsa. Babbar bishiya ta iya jurewa, amma dashe duk duniyarsa ledar nan ce. Kuma ba ya fita da wuri. A ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, inda ɗanyen mai ya malala, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 cewa ya yi gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Yadda ake haɗa ƙasa da taki ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda ya kwana biyu a nan ya sani. Ku yaran yanzu ido na kan waya, da an ce kyauta sai ku ruga, babu mai sunkuyawa ya shinshina ƙasa. Ɗauki bokiti ka je ka ɗebo cikin tafin hannu daga bayan garejin, ka zuba a ruwa ka motsa. In ka ga maiƙo ya taso yana ƙyalli kamar bakan gizo, kawo min bokitin nan in ga idonka. Ka yi sauri, ban ruwan yamma na jiranka.