Medicare Ta Ƙi Biyan Allurar Rage Ƙiba ta Mahaifiyata: Ina Mafita?

Tambaya: Barista, ina zaune a Amurka tare da mahaifiyata mai shekara 68, wadda take cikin inshorar lafiya ta gwamnati, wato Medicare. Ƙiba ta yi mata yawa har gwiwoyinta sun fara gazawa, kuma a shekarun baya ta taɓa samun bugun zuciya aka kwantar da ita. Likita ya rubuta mata allurar Wegovy, amma kamfanin da ke kula da biyan magungunanta ya aiko da takarda cewa ba zai biya ba. Kuɗin ya fi ƙarfinmu. Shin doka ta bar mana wata ƙofa?

Amsa: Malama, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Bisa abin da kika bayyana akwai ƙofa, kuma tana cikin maganar bugun zuciyar nan da kika ambata.

Dokar da ta kafa Sashen D na Medicare, wato ɓangaren biyan magunguna, an yi ta a 2003, ta fara aiki a 2006, kuma ta fitar da wasu magunguna daga cikin abin da za a biya, ciki har da duk maganin da aka rubuta domin rage nauyi ko ƙara shi. An yi dokar ne a lokacin da ake kallon ƙiba a matsayin sakaci ko batun kwalliya, kuma a ganina zamani ya wuce ta, amma har yau majalisa ba ta goge wannan sharaɗi ba. Abin lura shi ne haramcin yana kan dalilin da ya sa aka rubuta maganin, ba kan sunansa ba. Shi ya sa Medicare take biyan Ozempic ga mai ciwon suga, alhali sinadarin da ke cikinsa, semaglutide, shi ne dai a cikin Wegovy.

A watan Maris na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da Wegovy wajen rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini da aka tabbatar, waɗanda kuma suke da ƙiba ko nauyinsu ya wuce kima. A cikin watan ne hukumar da ke tafiyar da Medicare ta sanar cewa kamfanonin Sashen D za su iya biyan maganin domin wannan dalili. Haka aka yi da wata allurar rage ƙiba mai suna Zepbound a Disamba na 2024, lokacin da aka amince da ita ga masu ƙiba da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci. To Hajiya, wadda ta taɓa samun bugun zuciya, tana cikin mutanen da sanarwar farko ta shafa, muddin takardun asibiti sun nuna hakan.

Don haka ki sake ɗauko takardar da aka aiko, ki karanta dalilin ƙin da aka rubuta, domin shi zai nuna inda za a dosa. Idan an ce an ƙi ne saboda maganin na rage nauyi ne, mai yiwuwa likita ya rubuta ƙiba kaɗai a matsayin cuta, bai kawo tarihin zuciyar ba. Gyaran wannan a hannun likita yake: ya sake miƙa buƙatar tare da rahoton kwanciyar asibiti, da gwaje-gwajen zuciya, da awon nauyi da tsawo. Idan kuwa an ce maganin ba ya cikin jerin magungunan kamfanin, ko an ce sai an fara gwada wani, to ana iya neman a yi mata togaciya, likita ya rubuta bayanin da ya sa wani maganin ba zai wadatar ba. Kamfani yana da awa 72 ya yanke hukunci, ko awa 24 idan likita ya ce jinkiri zai iya jefa lafiyarta cikin haɗari. A batun togaciya ana fara ƙirga lokacin ne daga sa'ar da bayanin likita ya isa hannunsu, shi ya sa nake roƙon ki bi ofishin likitan da kanki har ki tabbatar an aika.

Idan aka sake ƙi, ɗaukaka ƙara tana da matakai biyar. Na farko a wajen kamfanin ne, kuma dole a shigar cikin kwana 65 daga ranar da ke kan takardar ƙin, shi kuma ya amsa cikin kwana 7, ko awa 72 idan na gaggawa ne. Daga nan sai wata hukuma mai zaman kanta wadda ba ta ƙarƙashin kamfanin, sai alƙalin gudanarwa, sai majalisar ɗaukaka ƙara ta Medicare, a ƙarshe kotun tarayya. Kwana 65 ɗin nan ba abin wasa ba ne, domin hujja mai ƙarfi ma tana faɗuwa idan ta zo a makare ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Ki sani kuma cewa kasancewarki 'yarta bai ba ki ikon shigar da ƙara da sunanta ba, sai ta naɗa ki wakiliya a rubuce ta hanyar cike fom mai lamba CMS-1696. Likitanta shi yana iya shigar da matakin farko ba tare da wannan fom ba.

Akwai abin da zan gargaɗe ki a kai da babbar murya. Wasu za su ba ki shawarar a roƙi likita ya rubuta ciwon suga ko wata cutar da Hajiya ba ta da ita domin a samu biya. Wannan zamba ce a dokar tarayya, tana iya jawo wa likita asarar lasisi, ta jawo muku biyan diyya ko tuhuma, sannan ta gurɓata tarihin lafiyarta ta yadda wani likitan zai iya yi mata magani a kan ƙarya. Ba ku ma da buƙatar hakan tunda gaskiyarku ta isa hujja.

Game da kuɗi, katin rangwamen da kamfanonin magani ke rabawa ba ya aiki tare da Medicare, saboda dokar hana cin hanci a shirye-shiryen lafiya na gwamnati. Kuɗin da aka kashe wajen sayen maganin da doka ta fitar ba ya shiga lissafin iyakar abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara, wadda ta kasance dala 2,000 a 2025. Amma idan aka amince da Wegovy domin zuciya, zai shiga wannan lissafin, kuma bambancin babba ne ga iyali. A Nuwamba na 2025 gwamnati ta sanar da yarjejeniya da kamfanonin Novo Nordisk da Eli Lilly domin wasu masu Medicare su riƙa samun waɗannan allurai a kan dala 50 a wata daga tsakiyar 2026, don haka ki tambaya ko Hajiya ta cika sharuɗɗan shirin.

Idan tana da Medicaid a haɗe, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha ce ke zaɓar ko za ta biya maganin ƙiba, kuma kaɗan ne suke biya. Kowace jiha tana da ofishin SHIP da ke ba masu Medicare shawara kyauta. Ki je musu da takardar ƙin da jerin magungunanta, su duba ko ta cancanci tallafin Extra Help, wanda ke rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin magani, su kuma kwatanta mata kamfanoni kafin lokacin sauya inshora, wanda yake daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba.