Daskarar da hatsi kafin ajiya: ina haɗarin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Garin Zariya. Na ji an ce manoman Amurka da Kanada kan hura iskar sanyi cikin rumbunansu na ƙarfe har hatsin ya daskare. Shin zan iya sanya wake da masara a firiza kafin in zuba su a duro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne manoman can suna kunna manyan fankoki lokacin sanyi domin iska ta ratsa hatsi, saboda ƙwari suna daina hayayyafa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 na ma'aunin Salshiyos. Sai dai su ma suna taka-tsantsan da daskarewa, kuma dalilinsu ya shafe ka.

Matsalar tana bayyana ne ranar da ɗumi ya dawo. Ka lura da yadda robar ruwan sanyi take yin gumi da zarar an fito da ita a tsakiyar bazara. Haka iska mai ɗumi take sauke raɓa a jikin ƙwayar hatsin da ya yi sanyi ƙarara. A rumbunan can, raɓar kan zama ƙanƙara ta dunƙule hatsi, ta toshe hanyar iska da ƙofar fitar da kaya, wani lokaci ma ta rufe tagogin saman rumbu har ƙarfin fanka ya lalata rufin. Mafi muni shi ne ɓawon da kan yi a sama alhali ƙarƙashinsa rami ne, domin an sha rasa rayukan waɗanda suka shiga fasa shi, hatsi ya rufta da su.

A nan Zariya, hunturunmu komai tsananinsa ba ya daskarar da ruwa, don haka haɗarinka yana cikin firiza ne. Sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na kimanin mako guda yana kashe ƙwari da ƙwayayensu, amma wannan yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma kai ma ka san halin wutarmu. Idan kayan suka narke suka sake daskarewa, ko ka juye su a duro da sanyinsu ka rufe, ka kulle laima da hannunka, funfuna kuwa abin da take jira ke nan. Wata funfunar masara tana haifar da gubar aflatozin mai illa ga hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Irin shuka da bai bushe ba kuma, daskarewa na iya kashe tsironsa.

Idan 'yan tiyoyi ne na amfanin gida, ka ɗaure su tam a leda mai kauri, kuma bayan fitarwa kada ka kwance sai sanyin ya sake su gaba ɗaya. Ga mai buhuna da yawa irinka kuwa, a ganina firiza wahala ce kawai. Ka shanya masara har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, sannan ka yi amfani da buhun PICS, wato buhun ajiya mai ruɓi 3 da ke hana iska shiga, ko duron da iska ba ta shiga. Idan ba ka da na'urar awon danshi, ka zuba busasshen gishiri da hatsi kaɗan a busasshiyar kwalba ka girgiza. In gishirin ya manne a jikinta, to a mayar da kayan rana.