Dalilin da ya sa muke gardama kan yaran da ba su buga wasa ba tukuna

Ƙanena, assalamu alaikum. Ka tambaye ni yadda aka yi mu Hausawan Kolombus, babban birnin jihar Ohayo a Amurka, muke raba dare muna musu a kan 'yan sakandaren da jami'o'i suke ɗauka don ƙwallon Amurka, har wani ya ce "bana mun yi kamu," alhali ba a buga wasa ba, ba a ɗaga kofi ba. Ka ce a Kano ko Pillars ce ta sayo ɗan wasa, sai an gan shi a fili kafin a yabe shi. Tambayarka tana kan hanya.

Ka fara sanin cewa a jihar Ohayo ƙwallon Amurka na jami'a ba wasan ɗalibai ba ne kawai. Filin jami'ar jihar, wato Ohio State, yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma ranar Asabar a lokacin kaka garin kan rine da jan kaya, launin ƙungiyar. Mu da muke tuƙin mota, ko aikin sito, ko jinya a asibiti, da wannan hirar abokan aiki suke tarbarmu da safe. 'Ya'yanmu kuwa a ciki suka tashi, wasunsu ma suna bugawa a makarantunsu daren Juma'a. Shi ya sa tsofaffinmu da ba su san komai ba sai Arsenal da Barcelona, yanzu sun iya lissafin taurarin da ake ba wa yaran a matsayin maki.

Jami'a ba ta riƙe ɗan wasa har abada. Shekara huɗu ko biyar ya gama, gwani kuma yana iya tafiya gasar ƙwararru ta NFL da zarar ya cika shekara uku da barin sakandare. Don haka duk shekara sai an ɗebo sababbi, galibi yara 20 zuwa 25, su ne ajin wannan shekarar. Suna sa hannu a watan Disamba, ragowar kuma a Larabar farko ta Fabrairu. Yaro ya zauna a zauren makarantarsu, iyayensa na gefe, hulunan jami'o'i uku a kan tebur, ya ɗauki ɗaya ya sa a kai. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN suna bin yaran tun suna aji biyu ko uku na babbar sakandare: su auna tsayi da nauyi da tsawon hannu, su duba gudun yadi 40, su kalli bidiyon wasanni, sannan su ba da taurari. Mai tauraro biyar shi ne ƙoli, kuma a duk faɗin Amurka ba su cika wuce talatin da 'yan kai ba a shekara. Sai a haɗa makin yaran a jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ƙasa.

Ba na cikin masu cewa taurarin nan shirme ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Jeremiah Smith, yaron Fulorida da aka sa a matsayi na ɗaya a ajin 2024, ya zo nan yana shekarar farko ya riƙa kama ƙwallon da manya suke kasa kamawa, kuma da shi aka doke jami'ar Notre Dame da ci 34 da 23 a wasan ƙarshe na kofin jami'o'in ƙasa a Janairun 2025. Jami'ar Alabama ta zamanin koci Nick Saban ta ci kofi shida, kuma kusan kowace shekara ajinta yana sahun gaba.

Inda nake rabuwa da samarinmu shi ne sun ɗauki jerin nan kamar sakamakon jarrabawa. A 2022 jami'ar Texas A&M ta tara ajin da aka ce ba a taɓa ganin mai makinsa ba. A kakar 2022 ɗin ta ci wasa 5 ta sha kashi a 7. Yaran da yawa suka watse zuwa wasu makarantu, kuma a Nuwamban 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher, da bashin sama da dala miliyan 70 na ragowar kwantiraginsa a wuyan makarantar. Ga kuma Josh Allen, wanda babu babbar jami'ar da ta ba shi gurbi lokacin da ya gama sakandare. Sai da ya bi ta wata ƙaramar kwaleji a Kalifoniya kafin ya samu shiga jami'ar Wyoming, kuma shi aka zaɓa gwarzon NFL na kakar 2024.

Saboda haka idan dattawan da suka fahimci abin suka zauna bayan sallar isha'i, ba lambar jeri suke fara tambaya ba. Suna tambayar ƙarti nawa aka samu, wato manyan yaran layin gaba masu kilo 130 zuwa 140, waɗanda suke kare mai jefa ƙwallo ko suke farautarsa. Yaro mai gudu ana samunsa a kowace jiha. Ƙato mai saurin ƙafa shi ne mai wuya, kuma sai ya yi shekara biyu yana ɗaga ƙarfe kafin ya nuna. Ajin da ya cika da masu kama ƙwallo biyar, ba ƙato ko ɗaya, zai hau saman jeri a Disamba, ya bar ƙungiya da rami bayan shekara uku. Suna kuma duba ko an riƙe 'yan gida. Idan gwanin Kilibland ko Sinsinati, biranen jiharmu, ya tsallaka ya tafi jami'ar Mishigan, abokiyar hamayyarmu, abin yana yi wa mutanen nan zafi fiye da rasa yara biyu daga Teksas.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ta sauya komai. Tun 2018 aka buɗe rajistar sauya makaranta, daga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma kotu ta amince makaranta ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekara. Yanzu yaron da ya sa hularka yau yana iya barinka baɗi idan bai samu shiga fili ba. Ƙungiyarmu da ta ci kofi ma, mai jefa ƙwallonta Will Howard daga Kansas State ya zo, Caleb Downs kuma daga Alabama. A ganina duk wanda ya yanke wa aji hukunci kafin a ga mutum nawa suka rage a shekara ta uku, ya yi gaggawa.

Akwai wani ma'aunin da namu ne mu kaɗai, wanda ba ya cikin lissafin kamfanonin. NFL tana zaɓar mutum 250 da 'yan kai ne a shekara, ƙasa da biyu cikin ɗari na masu bugawa a jami'o'i. Sauran kuwa digiri ne zai ciyar da su. Don haka idan koci ya fara zawarcin ɗan wani a cikinmu, uban yakan kira mutum biyu ko uku su zauna tare da shi. Mukan tambayi yara nawa daga ajin da ya ɗauka shekara biyar baya suka kammala karatu. Mukan tambayi ko tallafin karatun zai tsaya idan gwiwa ta lalace, kuma mu ce a nuna mana a rubuce. Uwa takan tambayi bugun kai, domin wasan nan yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana da gaskiya ta ji tsoro. Sannan a zo kan masallacin Juma'a mafi kusa, da abincin halal a ɗakin cin abinci, da yadda za a yi da atisaye idan azumi ya kama. Kocin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, shi uban yake ba wa ɗansa, ko da makarantarsa tana ta 40 a jerin.

Ka gaida Inna da yara.