Kafin Ka Kai Kuɗinka Wajen Maƙeri

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce ka tara 'yan kuɗi daga noman rani, kana so ka shiga farautar barewa, kuma kuɗin ba za su isa bindiga da kare gaba ɗaya ba, wanne za ka fara saya? Bana dai kada ka sayi ko ɗaya. Na san halinka, idan ban faɗa maka dalili ba gobe sai a gan ka a ƙofar maƙeri, saboda haka gyara zama.

Ita barewar, a ina ka gan ta a ƙasar Zazzau? Dabbar fili ce, ta ƙasar yashi da ƙaya, can wajen Yobe da Borno da Nijar, kuma ko can ɗin ta yi ƙaranci sosai. Mu nan, ka fita ta Ƙofar Gayan ko ka bi hanyar Soba, gona ce ta haɗe da gona, masara ta sallama wa dawa, fadama kuma rake da tumatir sun cinye ta. Gindin Kufena da muke tayar da nama muna samari, yau gidaje ne ke matsowa. Abin da ya rage mana shi ne zomo, gafiya, gyazbi, kurege, fakara, zabon daji da damo. Gada tana nan a tsakanin duwatsu da sarƙaƙiya, ga wanda ya iya nemanta. Mazo kuwa sai a kurmin bakin rafi, shi ma sai an dace. To gada ita ce abin da za ka sa a gaba, kuma ba a bana ba.

Za ka ce ai akwai manyan dazuzzuka. Akwai, amma ba naka ba ne. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun gwamnatin tarayya ne tun 1999, harbi a cikinsa laifi ne. Falgore ta Kano ma keɓaɓɓe ne. Ko da babu doka, ka san abin da ya mamaye dajin yamma da mu, daga bayan Giwa har Birnin Gwari. Saurayi shi kaɗai da bindiga a wannan zamani, masu daji su gan shi su ƙwace ta, jami'an tsaro su gan shi su ɗauke shi a matsayin na masu daji. Kada ka manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa gida Kano yin Salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Shi ya sa abu na farko da za ka mallaka ba ƙarfe ba ne, shaida ce. Sarkin Bakan yankinmu ya san fuskarka, mai unguwa ya san abin da kake yi, ƙungiyar maharba ta rubuta sunanka ta ba ka kati. Wannan kusan kuɗin hoto kawai zai ci maka.

Sayayya kuwa ba ta da yawa. Wuƙa mai kyau da kubenta, da dutsen washi. Adda. Gora mai nauyin kai wadda ta dace da hannunka, wannan ma ba sai ka saya ba, zan ba ka. Jarkar ruwa ƙarama da jakar rataye. Tufafi ka shiga gwanjo a kasuwar Sabon Gari ka zaɓi masu kauri, launin ƙasa ko na busasshiyar ciyawa. Ban da fari, kuma ko kyauta aka ba ka kakin soja kada ka saka, farar hula ba shi da izinin sa shi, zai jawo maka dukan da ba ka san dalilinsa ba. Inda nake so ka saki hannu shi ne takalmi. Ka sayi na roba mai dogon wuya irin wanda kuke shiga fadama da shi, mai kaurin gaske. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi a kan hanya sai ka taka ta. Kububuwa ƙarama ce amma tana sa jini ya ƙi tsayawa. Yawancin sara a ƙafa yake, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Idan ta ƙaddara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba. A hana mutum tafiya, a ɗora shi a babur a nufi asibiti, ga na koyarwa nan a Shika. Ni ina da layuna a jikin rigata kamar kowane maharbi, amma ban taɓa hana yarona zuwa asibiti saboda su ba.

Sauran kuɗin ka ɓoye su. Abin da za ka kashe a bana ƙafa ce da ido.

Bari in gaya maka yadda ake sanin gada. Ita ba ta garke. Ɗaya za ka gani, in ta yi yawa biyu, kuma tana da wurinta da ba ta cika bari ba. Da sassafe da kuma la'asar sakaliya take kiwo, inda aka matsa mata kuwa sai ta koma kiwon dare. Da rana tana kwance cikin duhuwa, za ka wuce ta da taku biyar ba ta motsa ba, sai ta tabbata ka gan ta sannan ta zabura, ta yi dama ta yi hagu, ta nutse cikin wata sarƙaƙiyar. Ba ciyawa ta fi ci ba, ganye ne da 'ya'yan itace da suka faɗo. Don haka kada ka ɓata lokaci a fili, duba gindin kanya, ɗinya, tsada da kaɗanya lokacin da suke zuba, da gefen gonar wake da ta yi iyaka da dutse. Kada kuma ka je ka tsare mashaya kana jiranta, tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, abin da take samu a ganye yana isar ta.

Sawunta shi ne karatunka na farko, domin duk inda gada take akwai awakin ƙauye, kuma sabon shiga kan bi sawun akuya tun hantsi har azahar. Durƙusa ka duba da kyau. Kofaton akuya mai faɗi ne, bakinsa dakusasshe, yatsun a buɗe, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, za ka ga na 'yan uwanta a warwatse. Na gada siriri ne, bai kai tsawon ɗan yatsanka ba, bakinsa mai tsini, yatsun a haɗe, yana tafiya layi ɗaya ta ƙarƙashin reshen da akuya ba za ta damu da bi ba. Sa'an nan ka duba gefen sawun. Idan bakinsa a tsaye yake, ƙasar cikinsa ta fi ta waje duhu, na yau ne. Idan iska ta zubo da ƙura ciki, ko ƙwaro ya ratsa ta kansa, ya kwana. Kashinta ƙanana ne baƙaƙe, kuma tana yawan komawa wuri guda ta yi, sai ka tarar da tsibi, tsoho a ƙasa sabo a sama. Ɗauki ɗaya ka murza. In ya yi laushi yana ƙyalli, tana kusa, yi shiru. Ranar da ka nuna mini irin wannan tsibi da kanka, ba ni na nuna maka ba, ranar ka fara farauta.

Sai iska. Hancinta ya fi idonta, kunnenta ya fi duka. Ka ƙulla toka a ɗan tsumma ka sa a aljihu, in ka kaɗa shi za ka ga inda iska ta nufa. Kullum ta riƙa bugun fuskarka, kada ta fito ta bayanka. Da hunturu abin da sauƙi, daga arewa maso gabas take zuwa ta wuni a haka. Da bazara takan juya maka sau uku kafin ka kai bishiyar da ka nufa. Turare, sabulu mai ƙamshi da sigari ka bar su a gida, waya kuma a rufe mata baki. Kakanninmu har burtu suke ɗaurawa a goshi, su duƙa suna tafiyar tsuntsun nan har su kusanci nama. Ba wasa suke yi ba, makaminsu ne ba ya kai nesa, dole wayo ya cike ragowar. Bindigar toka ma haka take. In ba ka iya matsowa taku ashirin zuwa talatin ba, hayaƙi kawai za ka yi wa daji.

Tunda mun zo kanta, bari in faɗa maka abin da ya sa nake tsoron mai arha. Bututunta shi ne ranta, kuma wanda zai sayar maka da rahusa a bututun ya rage. Ƙarfen famfo ne mai ɗinki a ciki, yau ya ɗauki ɗuri, gobe ya tsage a hannunka na hagu. Ka lura da tsofaffin maharba in an taru, ka ƙirga yatsunsu. Yawanci abu biyu ne ke jawo haka: yawan albarushi don a ji ƙara, ko ɗuri a kan ɗuri saboda mutum ya manta ya riga ya ɗura. Shi ya sa muke yi wa ƙarfen ɗuri alama, in ka zura shi ka ga alamar ba ta kai baki ba, akwai abu a ciki. In ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka juyo da ita ka leƙa, riƙe ta a saitin da take ka jira, albarushin da ya sha sanyi yakan yi jinkiri sannan ya kama. Ba a hawa babur da ita a ɗure, ba a shiga gari da ita a ɗure. Ba a harbin motsin ciyawa, ba a harbin ƙyallin ido da dare, domin dajin namu cike yake da mata masu itace da yaran Fulani da maruƙansu. Sai ka ga kai, ka ga ƙafa, ka ga abin da ke bayanta. Doka ma ta san da ita. Dokar bindigogi ta 1959 ta ambaci bindigar ɗuri ta baki, kuma maganar izininta a hannun 'yan sandan jiha take. Idan lokaci ya yi, ta wajen shugabanninmu za ka bi, ni kuma zan raka ka wajen maƙerin da na yarda da aikinsa.

Kare kuwa ba sayensa ne tsada ba, cikinsa ne. Kullum sai ya ci, damina da rani, ranar da aka kama da ranar da aka dawo hannu rabbana. Ga allurar haukan kare da ake yi masa duk shekara, wadda ba na yarda kare ya bi tawagata ba tare da ita ba, asibitin dabbobi na jami'a yana nan Samaru. Wanda aka riga aka horar, mai shi ba zai sayar ba sai in yana da aibi. In karyata ta haihu zan ware maka kwikwiyo, ya tashi yana bin manya, su za su koya masa abin da ni da kai ba za mu iya ba.

Akwai abin da samari ke sakaci da shi, kuma shi ne ya sa na fara lissafi da wuƙa. Zomon da ka jefa da gora, in ya mutu kafin ka yanka, mushe ne, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta ambaci wanda aka buge ya mutu cikin abin da aka haramta. Haka wanda ya mutu a tarko. Saboda haka in ka jefa, gudu za ka yi ka same shi da rai, wuƙa a shirye, ka yi bisimilla. Aya ta 4 kuma ta halatta abin da horarren kare ya kamo maka, in ka ambaci sunan Allah. Bisimillar lokacin sakin kare ake yi, ba bayan ya dawo ba. Sauran rassan mas'alar, har da na harsashi, ka zauna gaban malaminka na zaure ya warware maka, ba ka rasa malamai a birnin nan ba. Dabbar da ka tsinta a mace kuwa, ko ba maganar addini, kada ka taɓa ta, ba ka san abin da ya kashe ta ba.

Macen gada galibi ba ta da ƙaho, namiji ke da gajeru guda biyu a tsaye. In ka ga mai ciki ko mai nono, sauke hannu. Ɗa ɗaya take haifa, ta ɓoye shi a ciyawa, in ka ɗauke uwar ka kashe biyu ka ci ɗaya. Wasu suna toshe hanci su kwaikwayi kukan ɗan don uwa ta fito. Na iya, ba kuma zan koya maka ba. Ba na fita da damina, sai an kawar da amfanin gona, kuma duk wanda ya cinna wa daji wuta saboda gafiya ya bar tawagata a ranar. Wutar nan ita ke cin harawar mutane, ita ke sa manoma su tsane mu.

In mun fita, kai ne mai kora da ɗaukar kaya. Za ka tsaya inda aka tsayar da kai a layi, ba ka wuce na damanka, ba ka saɓa na hagunka. In nama ya faɗi aka fara gardamar wa ya fara sara, ja da baya ka rufe bakinka, ko da kai ne ka jefa. Wurin nan ne 'yan tauri ke zare wuƙa, kuma zomo bai kai a ɗinke maka ciki saboda shi ba. Babba zai raba, za a ba ka naka. Ka farke cikinsa tun a daji ka zubar da hanji kafin rana ta taɓa shi, ka rataye a inuwa, kada ka cusa shi a leda. In hannunka da ciwo, bar wani ya feɗe. Kason farko da ka samu kuma ba na sayarwa ba ne, ka kai wa mahaifiyarka, domin sai da na je na roƙe ta kafin ta yarda ka bi ni.